Duniyoyin Wasannin Intanet: Haɗewa Ko Zumunci? Darasi Daga Gwandu

Tun daga watan Oktoba na shekarar 2021, lokacin da kamfanin Facebook ya sauya sunansa zuwa Meta, ya kuma yi wa jama'a alkawarin wata sabuwar duniya ta cikin na'ura wadda kowa zai shiga ya yi wasa, ya yi ciniki, ya sada zumunci, ake ta juya wata tambaya a tsakanin masu sha'awar wasannin intanet. Tambayar ita ce, shin akwai ranar da waɗannan duniyoyi na wasa, waɗanda kowace ke zaman kanta a yau, za su haɗe su zama guda? Wato ɗan wasa ya fito daga wannan wasa ya faɗa wancan da sunansa da kayansa da abokansa, kamar dai yadda mutum kan tashi daga kasuwar Jega ya nufi ta Kalgo da kuɗinsa a aljihu, ba mai ce masa naira ba ta ci a nan.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan wannan shafi da wasan yara, alhali ga tsadar rayuwa da taɓarɓarewar tsaro sun sha mana kai. Hanzarinmu shi ne, al'amarin ya daɗe da wuce wasan yara. Duk wanda ya zaga Kalgo da yamma, musamman inda ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke zama, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ko kuwa ya leƙa majalisun samari a garin Gwandu, ba zai rasa ganin matasa sun duƙufa a kan waya ba, wannan yana PUBG Mobile, wancan yana Free Fire, wani kuma Call of Duty. Akwai kuɗin data, akwai kuɗin caji, akwai kuɗin sayen riguna da makamai na cikin wasa, sannan ga sa'o'in da ba sa dawowa. Waɗannan 'ya'yanmu ne da ƙannenmu da ɗalibanmu. Wanda ya zuba shekara uku da dubban nairori a wani wuri, yana da haƙƙin ya san ko abin da ya tara nasa ne, da kuma ko zai iya ɗauka ya tafi da shi ranar da aka ce a watse.

Amsarmu a taƙaice ita ce, waɗannan duniyoyi ba za su haɗe ba, kuma bai kamata mu yi fatan su haɗe ba. Abin da zai yiwu, wanda kuma ya cancanci mu tashi mu nema, shi ne ƙa'ida ta bai-ɗaya da za ta sa su fahimci juna alhali kowace na nan a gidanta. Tarihin Gwandu ya riga ya nuna mana bambancin da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu, za mu kuwa zo kansa. Amma bari mu fara da dalilan da suka raba duniyoyin tun asali.

Kowane wasa na taron jama'a yana gudana ne a kan wata babbar kwamfuta da ke ajiye a wani gari, wadda ake kira saba, wasu masu fassara kuma suka raɗa mata suna uwar garke. Ita ce alƙaliyar wasan. Ita ke riƙe da lissafin inda kowa yake tsaye, da wanda ya riga wani harbi, da abin da ke cikin jakar kowa. Wayar da ke hannun yaro taga ce kawai da yake leƙen hukuncin da uwar garken ta yanke. Tun a 1997, sa'ad da aka fito da wasan Ultima Online, masu shi suka ga kwamfuta ɗaya ba za ta ɗauki dukan masu son shiga ba, sai suka kwafi duniyar sau da yawa, suka kuma shirya labarin da zai rufa musu asiri: wai wani dutse mai daraja ne ya tarwatse, kowane ɓarɓashinsa yana ɗauke da duniyar cikakkiya. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004 kuma masu biyan kuɗin shigarsa suka kai miliyan 12 a 2010, shi ma a kan ɗaruruwan irin waɗannan kwafe-kwafe ya rarraba jama'arsa. Ke nan rabuwar iri biyu ce. Akwai ta tsakanin wasa da wani wasa daban, akwai kuma ta cikin wasa guda, inda abokai biyu ke buga abu ɗaya amma ba su taɓa yin ido huɗu.

Dalili na farko lissafi ne. Idan mutane suna fili ɗaya, tilas a sanar da kowa motsin kowa. In mutum 100 ne, saƙo 9,900 ke nan a kowane zagaye. In suka zama 1,000, saƙon ya koma 999,000. In kuwa suka kai 10,000, ana maganar kusan saƙo miliyan 100, kuma ana maimaita zagayen sau da dama a cikin sakan ɗaya. Wato duk lokacin da jama'a ta ninka sau goma, aiki ya ninka sau ɗari. Wannan ne ya sa PUBG ke tsayawa a kan mutum 100 a fage, Free Fire kuma 50. Wasan da ya fi kowane dagewa a kan tara jama'arsa wuri guda shi ne EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisland ya fitar a 2003. A watan Oktoba na 2020, 'yan wasa 8,825 suka shiga yaƙi guda a cikinsa, 6,557 daga ciki a lokaci ɗaya, har abin ya shiga kundin bajinta na Guinness. To amma da wace dabara? Idan taro ya yi wa na'urar yawa, sai ta ja wa lokaci linzami, har abin da ya kamata ya faru a sakan ɗaya ya ɗauki sakan goma na agogon bango. Wannan fa mutum dubu shida ne da 'yan kai, ina ga miliyoyi? Kuma ko shi EVE ɗin, tun 2006 'yan wasan ƙasar Sin suke da tasu duniyar daban.

Dalili na biyu nisa ne, wanda mu mutanen wannan yanki muka fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Saƙo a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan ɗaya, kuma ko an inganta wayar iya ingantawa ba zai wuce 300,000 ba, domin iyakar da Ubangiji Ya yanke wa haske ke nan. Wayar MainOne ta ƙarƙashin teku, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kusan kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa a kanta kaɗai na cin kashi 70 cikin 1,000 na sakan, tun kafin a lissafa tafiyar saƙon daga Kalgo zuwa Legas, da tsaye-tsayen da yake yi a tashoshin hanya. In kuwa uwar garken tana can ɗaya gefen duniya, jinkirin ya kai kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A wurin mai aika wasiƙa wannan ba komai ba ne, amma a wasan harbi ko na ƙwallo shi ne ke raba wanda ya ci da wanda aka ci. Duk inda aka ajiye alƙaliya guda ɗaya tilo, wani zai zama maƙwabcinta, wani kuma ya zama baƙo na nesa wanda kullum a makare yake isowa. Maganin nisa shi ne a ƙara yawan na'urorin a matso da su kusa da jama'a, wato a ƙara rarraba duniyar. Kada kuma mu manta da ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, harkokin intanet da na bankuna suka tsaya cik a sassa da dama na Afirka ta Yamma. Duniya guda mai ƙofa guda, ranar da ƙofar ta toshe kowa a waje zai kwana.

Dalili na uku shi ne wanda masu kururuta haɗewa suka fi kau da kai daga gare shi, alhali ya fi sauran zurfi, wato maganar ma'ana. Mu ɗauki dara, wadda ake bugawa a gindin bishiya a ko'ina cikin ƙasar Kabi. Ramuka 30 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa 12, wani ya riƙe tsinkaye wani tsakuwa. Muddin tsinken yana cikin rami, yana da daraja, ana iya tashin jijiyar wuya a kansa. Da zarar an ɗauke shi an kai kan allon ludo, ya koma tsinke kawai, domin darajar tasa ba a jikinsa take ba, tana cikin ƙa'idar wasan da matsayinsa a tsakanin 'yan uwansa. Masanin harshen nan ɗan ƙasar Suwizalan, Ferdinand de Saussure, wanda aka buga darussansa a 1916, irin wannan bayani ya yi game da kalma: kimarta tana fitowa ne daga gurbinta a cikin tsarin harshen da take ciki. To haka bindigar PUBG take. An auna ƙarfinta ne da sulken PUBG da faɗin filin PUBG. In aka kai ta wasan ƙwallo ba ta da ma'ana, in kuma aka kai ta wani wasan harbi, ko dai ta fi ƙarfin kowa ta ɓata wasan, ko ta zama sanda.

Ba mu ce abu ba ya ƙetarawa daga wannan tsari zuwa wancan ba. Yana ƙetarawa, amma irin ƙetarawar kalmar aro, wadda sai an sake mata kama kafin ta zauna. Daƙiƙa a Larabci minti take nufi, da ta shigo Hausa sai yawancinmu muka mayar da ita sakan. Bariki a bakin Bature masaukin soja ne, amma in Bahaushe ya ce wane ɗan bariki ne, kowa ya san ba soja yake nufi ba. Haka jaruman finafinan Amurka da ake gani a wasan Fortnite suke. Ba tattaki suka yi daga wata duniya suka shigo ba. Kamfanin Epic ne ya ƙulla yarjejeniya da masu su, ma'aikatansa suka sake zana su daidai da ƙa'idar gidansu. An ma taɓa gwada tattakin na gaske. A watan Yuli na 2008, kamfanin IBM da Linden Lab, masu duniyar Second Life, suka yi shelar cewa sun ɗauki surar ɗan wasa daga duniyarsu sun kai ta wata duniya ta daban. Surar ta isa lafiya, sai dai ba ta tafi da kayanta ba. Fiye da shekara goma sha biyar bayan haka, ba a yi wani nisan a-zo-a-gani daga inda aka tsaya ba.

Dalili na huɗu kuɗi ne. Kowace duniya tana da kuɗinta da farashinta. Duniyar da ta daɗe, kuɗi sun yi yawa a hannun tsofaffin 'yan wasa, kaya sun yi tsada; sabuwa kuwa kuɗi kaɗan ne, kaya da araha. Ranar da aka zuba su a tukunya ɗaya, attajiran tsohuwar duniya za su saye kasuwar sabuwa kafin azahar. Wanda ya san garin Kamba, inda naira da sefa ke gogayya a hannun 'yan canji, ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ƙasashen ECOWAS sun fi shekara ashirin suna ɗage ranar fito da kuɗin bai-ɗaya na Eco, har a 2021 suka sake tura shi zuwa 2027, sannan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ɗungurungum. In ƙasashen da suka haɗa iyaka da harshe da auratayya sun gaza haɗa aljihu, da wuya kamfanonin da ke neman ganin bayan juna su yi.

Wannan ya kawo mu ga dalili na biyar, wato masu gida. Sau da yawa katangar da ake cewa ta fasaha ce, ta ciniki ce. A watan Satumba na 2017, wani kuskure a na'urorin Epic ya sa masu buga Fortnite a kan PlayStation suka tsinci kansu a fage ɗaya da masu Xbox na ɗan lokaci, abin da a da ba a yarda da shi ba. Nan da nan aka toshe. Sai a Satumban 2018 kamfanin Sony ya amince, bayan 'yan wasa sun yi masa caa, kuma takardun da suka fito a shari'ar Epic da Apple a 2021 sun nuna cewa ya gindaya sharaɗin a riƙa biyan sa diyya a wasu halaye. Bayan kamfanoni kuma ga gwamnatoci. Indiya ta haramta PUBG Mobile a Satumban 2020, ta bi da Free Fire a Fabrairun 2022. A Janairun 2023, da yarjejeniyar kamfanin Blizzard da NetEase ta ƙare ba a sabunta ba, aka kashe na'urorin World of Warcraft a ƙasar Sin baki ɗaya, mutanen da suka yi shekara goma sha suna gina suna da dukiya a ciki suka wayi gari ba ƙofar shiga, sai a 2024 aka sasanta aka sake buɗewa. Mu ma nan gida mun ga an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun kuma ga an katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021. Duniyar da za ta game kowa, dokar wace ƙasa za ta bi?

Gaskiya ne ana haɗa duniyoyi na cikin wasa guda, amma a lura da lokacin da ake yin hakan. Kamfani kan haɗa su ne idan jama'a ta ragu, gari ya zama kufai, riƙe na'urori biyu ya zama asara. Ɗan Nijeriya ya san irin wannan haɗi. Lokacin da Lugard ya haɗe Arewa da Kudu ranar 1 ga Janairu, 1914, ba don talakan Gwandu ya yi kewar na Kalaba ba ne; baitulmalin Ingila ne ya gaji da cike giɓin kasafin Arewa, ga kuwa kuɗin kwastan na shigowa a Kudu. Haɗin da aka yi domin sauƙin mai mulki yakan bar waɗanda aka haɗa da rigimar suna da matsayi shekara da shekaru. A duniyar wasa ma rigimar farko ta suna ce, domin in akwai Garba a nan akwai Garba a can, wa zai bar wa wani? Da Blizzard ya tashi magance kufan duniyoyinsa a 2013, sai ya zaɓi ya sada su ba tare da ya rushe kowace ba, kowa ya riƙe sunansa, a liƙa masa sunan duniyar da ya fito a gaba. Bahaushe ya daɗe da wannan dabara. Ita ce ta ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari, ita ce kuma ke raba Muhammadu Kalgo da Muhammadu Gwandu a rajistar aji ɗaya.

To, yanzu sai mu waiwayi Gwandu. A wajejen 1812, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya raba ɗawainiyar tafiyar da daula gida biyu: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun ƙanensa Malam Abdullahi. Dalilin bai yi nisa da wanda muka ambata a sama ba, domin a zamanin da saƙo ke tafiya a kan doki da raƙumi, alƙali guda ba zai iya sauraren ƙarar Adamawa da ta Liptako a lokaci ɗaya ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, aka kuma sami 'yar tsamin dangantaka tsakaninsa da baffansa, har zuwa lokacin da 'yan tawaye suka yi sansani a Kalambaina, kusa da Gwandu, Bello ya taso da runduna ya kawo wa Malam Abdullahi ɗauki. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Abin lura shi ne abin da ya biyo bayan wannan sulhu. Ba a rushe Gwandu an zuba ta cikin Sakkwato ba. Ta ci gaba da naɗa sarakunan ɓangarenta da karɓar gaisuwarsu, tun daga Yawuri da Nufe da Ilori har zuwa Sayi da Dori, haka aka tafi har zuwan Turawa a 1903. Amma alƙalin Ilori da na Katsina fiƙihu ɗaya suke hukunci da shi, na mazhabar Malikiyya. Wasiƙun fadojin biyu da Larabci ɗaya ake rubuta su. Wuri, wato kuɗin zamanin, yana ci a nan yana ci a can. Littafin Liya'ul Hukkami, wanda Malam Abdullahi ya rubuta wa mutanen Kano, ba a ce na yamma ne kawai ba. Malami ko fatake kan tashi daga wannan ɓangare zuwa wancan da sunansa da iliminsa da dukiyarsa, a karɓe shi a san ko shi wane ne. Mulki biyu ne a kan ƙa'ida ɗaya, kuma tsarin ya rayu kusan shekara casa'in. Hatta Kabawa, waɗanda suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, da aka zo sulhu na ƙarshe ba narkar da Argungu aka yi ba. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara a 1934, aka shirya masa bikin kamun kifi, aka sami dandalin da kowa ke zuwa ya koma gidansa.

Zamaninmu ma bai rasa misali ba. Waɗanda suka ga shigowar wayar salula a 2001 suna tune da yadda kira daga wannan layi zuwa wancan ke da wuya da tsada, har ya zama ado mutum ya jera waya biyu ko uku a kan tebur. Ba a warware wannan ta hanyar haɗe kamfanonin su zama ɗaya ba. Hukumar NCC ce ta tsaya a kan ƙa'idojin sada layuka, sannan a Afrilun 2013 ta fito da tsarin da mutum zai bar kamfani ya koma wani da lambarsa. Harshenmu ma haka yake. Basakkwace na cewa munka zo, Bakano na cewa muka zo. Wannan ya ce mi, wancan ya ce me. Wannan ya ce hwari, wancan ya ce fari. An yi taron daidaita rubutu a Bamako a 1966, an sake yi a Yamai a 1980, amma har yau Nijar na rubuta ƴaƴa, mu muna rubuta 'ya'ya. Babu karin harshen da ya haɗiye wani, kuma ba wanda ya kasa karanta wasiƙar ɗan uwansa.

Ko da ma a ce haɗewar za ta yiwu, ya kamata mu tambayi kanmu wa zai riƙe makullin. Duniya guda tana nufin mai gida guda, wanda shi zai yanka farashi, shi zai ce ga abin da ya dace yaro ya gani, shi ne kuma in ya kore ka ba ka da wani gari da za ka koma. A yau uban da ya ga wani wasa na koyar da caca ko batsa yana iya hana shi ya bar wani. Beljiyam ta yanke a 2018 cewa akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi a wasu wasanni caca ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya kamuwa da jarabar wasa a jerin cututtukanta a 2019. Gidan Bahaushe yana da zaure yana da katanga, kuma ba don ƙin baƙo aka gina su ba.

Saboda haka muna da kira ga ɓangarori uku. Na farko iyaye da malamai. Maimakon tsawa da ƙwace waya kawai, a zaunar da yaro a fahimtar da shi cewa rigar da ya saya a cikin wasa izinin amfani ya saya, kamfani na iya janye shi. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe na'urorin wasan The Crew, wanda ya fara sayarwa tun 2014, waɗanda suka biya kuɗinsu suka tashi a tutar babu. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Na biyu hukumomi. Wancan lamari na The Crew ya sa 'yan Turai fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a kan takardar koke ga Tarayyar Turai a 2025. Mu ma ba mu rasa abin riƙewa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buɗe ƙofar haƙƙin mutum ya ɗauki bayanansa daga wani kamfani zuwa wani, kuma tarar dala miliyan 220 da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta ci kamfanin Meta a Yulin 2024 ta nuna cewa manyan kamfanonin nan ba su fi ƙarfin a kira su a tambaye su ba. Abin da muke nema ba shi da yawa: kamfanin da ke karɓar naira daga hannun 'ya'yanmu ya ba da isasshen wa'adi kafin ya rufe wasa, ya mayar da kuɗin abin da aka saya ba a mora ba, ya kuma bar ɗan wasa ya fita da sunansa da jerin abokansa da tarihin abin da ya yi. 'Yan majalisarmu na tarayya daga Jihar Kebbi suna iya zama na farko da za su ɗaga wannan magana.

Na uku jami'o'inmu, ta Kalgo da ta Aliero da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A watan Yuni na 2022 aka kafa wani zaure na tsara ƙa'idojin da waɗannan duniyoyi za su riƙa fahimtar juna da su, Meta da Microsoft da Epic da Sony suna cikin waɗanda suka fara zama, aka kuma ce ƙofa a buɗe take ga kowace cibiya. Mun san abin da rashin halartar irin wannan zama ke jawowa. Haruffanmu masu lanƙwasa sun sami gurbi a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma da yake ba mu bi sawu ba wajen masu ƙera allon rubutu da manhajoji, mun shafe shekaru muna aika rubutu ya isa a hargitse, har yau kuma matasa da yawa ba sa raba baƙi da baki, ko ƙafa da kafa, a rubutunsu na waya. Sashen Hausa da sashen kimiyyar kwamfuta suna iya haɗa kai su tsara kalmomin wannan fage, su miƙa wa kamfanoni, su kuma sa ɗalibai su gina dara da langa a kan buɗaɗɗiyar ƙa'ida wadda ɗan Gwandu zai buga da ɗan Dogonduci ba tare da neman izinin kowa ba. Wannan aikin kammala digiri ne da ya fi da yawa daga cikin waɗanda ke cin ƙura a kan kanta amfani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana rubuta ƙa'idojin nan yanzu, kuma duk wanda bai halarta ba, abin da aka yanke shi zai bi. Magabatanmu na Gwandu da Sakkwato sun riƙe ƙasa mai faɗin tafiyar watanni ba tare da sun matse ta a tafin hannun mutum ɗaya ba, domin sun yarda da abin da za a yi tarayya a kansa, sun kuma bar wa kowa abin da yake nasa. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya shirya mana zuriya, Ya sa mu gane abin da zai amfane mu tun lokaci bai ƙure ba.